Likita ya ce a yi wa yarona allurar Botox a ƙafa, wa ya taɓa gwadawa?

Maman Haidar:
Assalamu alaikum iyaye, dan Allah shawara nake nema. Yarona shekararsa 3 da wata 4, bakwaini na haife shi, yana da shekara ɗaya da rabi aka yi masa MRI aka ce CP ne, lalurar nan ta ƙwaƙwalwa mai shafar motsin jiki. Wayo kam masha Allah, surutu kamar aku, matsalar ƙafafu ce, in na tsayar da shi sai ya yi ɗage dunduniya ba ta taɓa ƙasa, ƙafafun su harɗe kamar almakashi, canza masa famfas ma sai na yi da gaske kafin cinyoyin su buɗe. Muna zuwa fisiyo, yanzu kuma likita ya kawo maganar Botox, ni wlh a sanina ta gyaran fuska ce. Babansa ya ce a'a, wai guba ce. Ya zan yi?

Ummu Safiyya:
Wa alaikumus salam Maman Haidar, sannu da ƙoƙari. Mu sau uku aka yi wa tawa a sharaɓa. Babansa bai yi ƙarya ba, asalinta daga guba ake samo ta, amma ɗan mitsitsi ake sawa cikin tsokar da ta ƙage don ta saki. Ba ranar take aiki ba, mu sai wajen sati biyu na lura safa na shiga ba faɗa, kuma bayan wata 3 zuwa 6 ƙarfinta na tafiya. Kuskuren da na yi a karon farko, da na ga ƙafa ta yi laushi sai na saki jiki da motsa ta, takalmin roban nan AFO ma na daina sa mata saboda kuka, allura na sakinta muka koma gidan jiya. Watannin nan su ne damarki, a cikinsu ake dagewa da fisiyo.

Abu Khalil:
Hajiya ni ma'aikacin fisiyo ne, ban ga yaron ba don haka maganar likitanku ita ce gaba. Amma kafin batun allura ki tambaya wane irin ƙagewa ne da shi, don ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya fi yawa, kusan 8 cikin 10 na masu CP, shi ne wanda in ka miƙe ƙafar a hankali za ta bi ka, in ka fizga da sauri sai ta cije. Shi ya sa kike ganin muna lanƙwasa ƙafa a hankali mu sake da sauri, ba wasa muke ba, awo ne. Ɗayan kuma distoniya, jiki na murɗewa ne in yaro ya yi niyyar ɗaukar abu ko ya ji daɗi ko haushi, in ya yi barci sai ya saki, ana yawan ganinsa a yaran da ciwon shawara ya yi wa tsanani suna jarirai. Wani yaron ma duka biyun ne da shi, kuma magani ya bambanta. Akwai tiyatar da ake yanke wasu jijiyoyi a gindin laka, SDR, tana taimakon na farkon amma ba a yi wa mai distoniya. Ki riƙa ɗaukarsa bidiyo a gida yana wasa, don yara in sun ga farar riga sandarewa suke yi gaba ɗaya.

Sannan ki tambayi matakinsa a GMFCS, wato ma'aunin yadda yaro ke iya zama da tafiya, daga 1 zuwa 5 ne, kuma a yi hoton ƙugu. Harɗewar nan tana iya jan kan ƙashin cinya ya riƙa zamewa daga gurbinsa a hankali ba tare da yaro ya yi kukan ciwo ba.

Baban 'Yan Biyu:
Ni dai namu baclofen na sha aka ba shi, maganin sassauta tsoka, don ƙagewar a jikin ne duka, ya saki kam amma barci ya yi yawa, wuya ma ya koma lanƙwasewa, ashe da taurin nan yake samu ya ɗan tsaya. Sai da aka rage. Abu ɗaya, kar a tsayar da shi lokaci guda, yana iya kawo jijjiga, a hankali likita ke janyewa. Kuma in kika ga ya ƙara ƙagewa rana ɗaya ki duba bayan gida ko ya ɗaure, ko ciwon fitsari, ko takalmi ya matse.

Maman Haidar:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam Abu Khalil na gwada ɗazu, a hankali tana miƙewa, da sauri kuwa sai ta cije. Hoton ƙugu ba a taɓa yi mana ba gsky, ranar Laraba zan tambaya, kuma da babansa za mu je ya ji da kunnensa.