Maɓallin sauti mai tsalle biyu

Jiya a wani shagon gyaran kwamfuta a Samaru, wani ɗalibi ya kawo tsohuwar ThinkPad mai Linux. Ya danna maɓallin ƙara sauti sau ɗaya, sautin ya haura mataki biyu. Mai shagon ya ce manhajoji biyu ne ke amsa dannawa ɗaya, acpid (manhajar da ke sauraron maɓallai na musamman irin na wuta da na sauti) da GNOME (manhajar fuskar kwamfutar).

Shawarar da aka fi yarda da ita: a kunna acpi_listen (umarnin da ke nuna abin da acpid ke ji), a danna maɓallin. In ya nuna button/volumeup, a leƙa /etc/acpi/events, inda ake ajiye fayilolin umarnin acpid, a cire fayil ɗin da ke taɓa sauti, a bar wa GNOME aikinsa. Masu Xfce (wata fuskar Linux irin GNOME) kuwa su cire xfce4-volumed, manhajar maɓallan sauti, idan suna da makamanciyarta ta PulseAudio, wato tsarin sarrafa sauti na Linux.

Wani ya ce a goge komai a sake sakawa. Haba, a kan maɓalli ɗaya?