In cike fom ɗin gajiya ko in yi shiru in tashi?

Ƙaramin Matuƙi: Salam, dan Allah shawara. Har yanzu ba a tabbatar da ni a aiki ba, ga jigilar alhazai, kullum da asuba nake sauka, barcin rana kuma baya yiwuwa saboda jariri a gida. Yau ma an sa ni Jidda ƙarfe 1 na dare. A takarda hutuna ya cika, amma a ma'aunin gajiya na Samn-Perelli na 1 zuwa 7 (7 ne ƙarshen gajiya) ni dai 6 nake jin kaina. In na cike fom ɗin sanar da kamfani na gaji zai ja min matsala?

Ɗan Fagge: Ka sayi agogon nan mai auna barci, dubu 40 na sayi nawa.

Antin Kabin: Dubu 40 a ina? Na gasken ya fi haka tsada, naka taku kawai yake ƙirgawa.

Tsohon Kyaftin: Yaro cike abinka. Janairun 2024 matuƙan Batik Air su biyu suka yi barci minti 28 a hanyar Jakarta, ƙaramin matuƙin yana da tagwaye 'yan wata ɗaya. Daga 2 zuwa 6 na asuba jiki baya jin lallashi.

Mai Haƙuri: Hmm Baba ku daina zuga yara. Ni na cike a wani kamfani, suka ce ai babu hukunci, washegari aka kira ni ofis ana tambaya ko aikin ne ya fi ƙarfina, daga nan aka cire ni daga tafiyar waje aka bar ni da Abuja Legas, wanda ya yi shiru yana gyangyaɗi shi aka ƙara wa girma, wlh har yau abin yana cina.

Tsohon Kyaftin: To ka kai ƙara NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama?

Mai Haƙuri: Kai ka yi ritaya Baba, ni yara huɗu ne a makaranta.

Injiniya: Amurka ma sai da jirgin Colgan ya kashe mutum 50 a Buffalo a 2009 kafin su kawo dokar hutun awa 10 a 2014.

Antin Kabin: Injiniya kai da kake ƙasa bari masu tashi su yi magana.

Ɗan Fagge: Goro biyu da shayin Buzu, har Madina idonka biyu 😂

Antin Kabin: Ni motar ɗaukar ma'aikata ce damuwata, mu sauka mu tsaya jiranta, ga layi a otal, duk a cikin hutun ake lissafawa. Alawus ɗin bara ma wa aka biya?

Mai Haƙuri: Ku aƙalla an yi muku alkawari.

Ƙaramin Matuƙi: Jama'a fom ɗin fa? Mota ƙarfe 10 za ta zo.