Yaya zan raba maki 20 a jakar ayyukan rubutu?

Salamu alaikum, malamai. Ina koyar da rubutun insha'i da Faransanci ga 'yan aji ɗaya a wata kwaleji a nan Marwa ta ƙasar Kamaru, ɗalibai 84. Bana na daina dogara ga jarrabawa ɗaya. Kowa ya buɗe jakar ayyuka: insha'i uku, kowanne da daftarin farko, da wanda aka gyara, da na ƙarshe, sai shafi guda da zai bayyana abin da ya sauya da dalilinsa.

Wajen ba da maki na maƙale. Wata ɗaliba ta faro da jimloli marasa kan gado, ta yi gyara sau huɗu, aikinta na ƙarshe bai wuce 10 bisa 20 ba. Wani kuwa da ma alƙalaminsa na da kaifi, waƙafi biyu kawai ya taɓa, aikinsa ya cancanci 15. Da na ware maki 8 don ci-gaba, sai ta kamo shi, ya zo yana ƙorafi, kuma gaskiya yana da hujja. Da na rage zuwa 3, sai rabin ajin suka daina gyara.

Abin da ya fi ci mini rai, wasu ƙarshen suke fara rubutawa, sannan su ƙirƙiro daftari mai kurakuran ganganci. Na koma sa hannu da kwanan wata a cikin aji. Ya rage maguɗin, amma yana cinye rabin awa.

Ku da kuka gwada wannan a babban aji, maki nawa cikin 20 kuke ba gyara, nawa kuke ba ingancin aikin ƙarshe? Na gode.