An mayar da shafin da aka goge, amma wasu har yanzu 404 suke gani

Ɗan_Koyo: Assalamu alaikum 'yan uwa. An goge wani shafi bisa kuskure, an mayar da shi, fayil ɗin yana nan a sabar, wato kwamfutar da shafin ke kanta. Wasu na buɗewa lafiya lau, wasu kuma 404 suke gani, wato saƙon da ke cewa ba a sami shafin ba. Sabar ɗin da manhajar Nginx take aiki, Cloudflare na gabanta, wato kamfanin da ke tsakaninta da masu karatu yana ajiye kwafin shafuka. Ina matsalar take?

Malam_Sabar: Wa alaikumus salam. Kafin ka taɓa komai, gano wa ke ba da amsar, domin wurare uku ke iya riƙe kwafi: burauzar mai karatu, Cloudflare, sai sabar ɗinka. Buga umarnin `curl -I` da adireshin shafin, zai nuno bayanan da ke tare da amsar, ka duba layin `cf-cache-status`. HIT na nufin daga ma'ajiyar Cloudflare amsar ta fito, ba a ma je sabar ba. MISS, an je an tambayo. `Age` kuma daƙiƙoƙin da kwafin ya yi a ajiye ne.

Mutane da yawa ba su san ana ajiye 404 kamar yadda ake ajiye shafi mai lafiya ba. Idan sabar ba ta faɗi tsawon ajiyar ba, Cloudflare na riƙe ta minti 3 kacal. In ta wuce haka, duba saitinka. A Nginx, `add_header Cache-Control`, layin da ke faɗin yadda za a ajiye kwafi, ba ya shafar 404, sai an ƙara masa `always`. Da an ƙara, dogon `max-age` ɗin (tsawon ajiya a daƙiƙoƙi) da ka tanadar wa hotuna zai manne wa kuskuren ma. Abin da ya sa wasu ke gani wasu ba sa gani shi ne kowace cibiyar Cloudflare da ma'ajiyarta. Share kwafin wannan adireshi kaɗai, kada ka share na dukan shafukanka, sabar za ta sha nauyi a banza.

Injiniya_Hajiya: Malam ya yi daidai, sai dai sharewar ba ta kaiwa ga burauzar mutane. Wanda tasa ta riga ta ajiye, sai lokacin ya cika ko ya danna Ctrl+Shift+R. Don haka a sa wa shafukan HTML `no-cache`. Sunan na ruɗar mutane: ana ajiyewa, amma sai an tambayi sabar kafin a nuna. Burauza za ta aika ETag ɗin da take da shi, wato alamar kwafin da ta ajiye, in babu canji sabar ta ce 304, ba sai an sake sauke komai ba. `no-store` ne ke hana ajiya gaba ɗaya. CSS da hotuna a ba su `max-age=31536000`, wato shekara guda, amma a canza sunan fayil duk lokacin da aka gyara shi.

Kuma a yi hattara da 301, wato karkatar da mutane zuwa wani adireshi na dindindin. Burauza na riƙe ta sosai, in ka karkatar da mutane wurin da ba daidai ba, warwarewa sai an sha wuya. Gwaji da 302 ake yi, ita ce karkatarwa ta wucin gadi.

Ɗan_Koyo: HIT ne, `Age` ya haura 5000, kuma ga `always` ɗin nan a saitin. Na cire shi. To 522 da ke fitowa jefi-jefi fa, ita ma ajiya ce?

Malam_Sabar: A'a ɗan'uwa, wannan daban. 522 na nufin Cloudflare ta nemi haɗuwa da sabar har lokaci ya ƙure. Duba ko katangar tsaron sabar na toshe adiresoshin Cloudflare, ko aiki ya yi wa sabar yawa. Da 521 ce, sabar ce ta ƙi haɗin, galibi Nginx ɗin ya mutu.