Akwatin sautina ya kafe a kan 48, fitilarsa kuma tana ƙyaftawa

Baban Ummi:
Salamu alaikum. Ina da ɗan akwatin DAC, irin wanda ke karɓar sauti daga kwamfuta ya miƙa wa lasifika. A goshinsa akwai gilashi mai nuna lamba, da 'yar fitila da aka rubuta LOCK a ƙasanta. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk abin da na kunna 48 nake gani. Karatun da na kwafe daga faifan CD, 48. Na sauke wani fayil mai 96, wanda ya cinye mini data ba kaɗan ba, shi ma 48. Gilashin ne ya mutu ko yaya?

Sannan jiya na jona shi da talabijin da wayar nan ta haske. Labarai sun fita tas, amma ina sa fim sai fitilar ta hau ƙyaftawa, sauti ya ɗauke ɗif.

Mai Sukundireba:
Wa alaikumus salam, Malam. Gilashinka lafiyarsa ƙalau, gaskiya ma yake gaya maka. Ba abin da ke cikin fayil yake nunawa ba, abin da ya iso ƙofarsa yake nunawa. Sautin CD 44.1 ne, wato sau 44,100 ake auna shi a daƙiƙa ɗaya. Ita kuwa kwamfuta, don ta iya haɗa karatunka da ƙarar shigowar saƙo a lokaci guda, sai ta juye komai zuwa ma'auni ɗaya kafin ya fita, galibi 48. Ka shiga saitin manhajar da kake sauraro da ita, ka ba ta ikon riƙe akwatin ita kaɗai. Za ka ga lambar tana bin fayil. Amma kada ka sa rai kunnenka zai ji wani gagarumin bambanci, ni dai ban taɓa ji ba.

Hajiya Rediyo:
Batun talabijin kuwa, ƙyaftawar LOCK na nufin akwatin bai kama abin da ake turo masa ba. Fina-finai da yawa da Dolby Digital suke zuwa, wato sautin da aka dunƙule don lasifiku da yawa, akwatin mai lasifika biyu kuma PCM kaɗai ya iya karantawa, wato sautin da ba a dunƙule ba. Je saitin sautin talabijin ɗin ka zaɓi PCM. Ka ma yi sa'a naka shiru yake yi, wani ƙara yake saki kamar ana yaga kwano. Idan bai daina ba, zare wayar ka duba bakinta, ya kamata ka ga jan haske.

Ɗan Autan Zaure:
Yaya, gara kai naka lamba yake rubutawa. Akwatunan da ke nunawa da launin fitila su ne rigima, kowane kamfani da yarensa. A DAC ɗin da ake kira DragonFly, kore 44.1 ne, shuɗi 48, ja kuma yana jira ne kawai. A Chord Mojo kuwa jan nan shi ne 44.1. Sai da takardar na'urar a hannu.

Baban Ummi:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, na sa PCM, fitila ta tsaya cak, fim ya yi magana. Malam Mai Sukundireba, yanzu 44.1 nake gani, sai dai duk sanda lambar za ta sauya ina jin wani ɗan "ƙas" a cikin akwatin. Shi ma lafiya?

Mai Sukundireba:
Lafiya lau. Ɗan makunni ne a ciki yake rufe sautin na ɗan lokaci kafin ya kama sabon ma'aunin.