Gwajin ƙwai da makilin ya ƙi yi, kuma gobe za a kai

Maman Ihsan: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min. An ba Ihsan aikin gida ta nuna yadda fuloraid, sinadarin da ake sawa cikin makilin, ke kare haƙori. Ita ce 'yar fari, aji biyar, ga saka abu a rai, tun da ta zo ta uku a zangon da ya wuce abinci ma sai an lallaɓa ta. Babansu kuma yana Legas. Na shafa wa rabin ɓawon ƙwai makilin na tsoma cikin ruwan khal, kumfa ta rufe shi ko'ina, ba wani bambanci. Ƙwai huɗu na ɓata.

Abban Sadik: Wa alaikumus salam. Kwana nawa makilin ɗin ya yi a jikinsa?

Malam Babba: Ba sai ta faɗa ba, shafawa ta yi ta tsoma. Hajiya, tsamin khal ne ke cin ɓawon, kumfar nan iskar da ke fita ce. Haka tsamin da ƙwayoyin cuta ke yi daga suga yake cin haƙori. Sai ƙwan ya yi kwana huɗu ko biyar da makilin, a wanke, ya bushe. Duba jikin kwalin makilin ɗin, ya kamata ki ga 1000 zuwa 1450 ppm, wato ma'aunin yawan fuloraid ɗin da ke ciki.

Maman Ihsan: Malam, awa biyu cur na bar shi fa. Kuma mai tsada na saya.

Malam Babba: Tsada ba fuloraid ba ce.

Anti Ladi: Ni wannan fuloraid kada a yabe shi a gabana. A Kaltungo na tashi, ruwan can ya rina mana haƙora, har yau ana tambayata ko goro nake ci. 'Ya'yana aswaki kawai.

Malam Babba: Yawan fuloraid a ruwan ne ya cuce ku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a litar ruwan sha. Makilin kuwa tofarwa ake yi.

Ummu Walid: Ki bar khal, ki matsa lemun tsami. Makarantun nan ma iyaye suke ba aiki, ni wancan makon aka sa ni gina gada da kwali.

Abban Sadik: Gara ta kai yadda ya fito, ta yi wa malamarsu bayani.

Maman Ihsan: Ba ku san Ihsan ba. Na dai shafa wa na biyar, zai kwana. In na ƙara kaurin makilin ɗin fa?