Ku da kuka tashi a cocin Angilika, wa ya reni bangaskiyarku?

Maman Rifkatu: Salama gare ku. Jiya ɗiyata ta tambaye ni me ya sa sai bishop ne kaɗai zai ɗibiya mata hannu ya tabbatar da ita a bangaskiya, alhali katikis, malamin da ke koyarwa a coci, shi ne ya koya mata komai. Na rasa amsa. Ku fa, yaya abin ya kasance a wurinku?

Baba Ishaya: 'Yata, ki gaya mata gaskiya, katikis ne ya rene mu. A ƙauyenmu rabaran ɗaya ke riƙe da coci biyar, a kan babur. In damina ta yi ƙarfi rafi ya cika, sai mu yi wata biyu ba mu ci jibin Ubangiji ba, don katikis ba shi da izinin tsarkake gurasa. Amma shi ke buga tsohon ƙarfen mota da asuba, ya buɗe Littafin Addu'a da fitila a hannu. Ranar da mahaifina ya rasu, shi ya kwana a zaurenmu. Duk da haka ban raina bishop ba. Kafin 1990, ganinsa sai an daɗe. Da aka buɗe sababbin dayosis, wato yankunan da kowanne ke da nasa bishop, a wannan shekarar, irin su Katsina, Sakkwato, Bauchi da Kafanchan, ya matso kusa, yara suka daina shekara da shekaru suna jiran tabbatarwa.

Malama Hannatu: Baba, ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya canjin wurin aikin rabaran ne. Wani rabaran ya fara mana nazarin Littafi Mai Tsarki kowace Laraba, har mazan da suka daina zuwa suka dawo. Shekara biyu, takarda ta zo daga ofishin bishop. Wanda ya gaje shi ginin coci ne a gabansa, ajin ya mutu. Ba wanda ya nemi jin ta bakinmu. Zumuntar mata ce ta ɗauki nazarin, muna yi gida-gida har yau.

Ɗan'uwa Bulus: Malama, mu kuma canjin ne ya cece mu. Namu rabaran ya raba kan ikilisiya gida biyu a kan kuɗin baikon da ake tarawa a coci. Majalisar coci ta kai kuka wurin acidikin, babban rabaran mai kula da yankinmu, ya zo ya zauna da kowa, aka ɗauke rabaran ɗin ba tare da coci ta tsage ba.

Maman Rifkatu: Na gode. Baba, zan kawo ta ranar Lahadi bayan sujada, ta ji labarin fitilar nan daga bakinka.